Hoton Dabba Baƙi da Fari: Darasi Daga Gonakin Arewacin Kano

Gabatarwa

Idan aka ambaci hoton namun daji, abin da kan faɗo wa ɗalibi a rai shi ne zaki ko giwa ko raƙumin dawa a wani gandun daji na Kenya ko Tanzaniya. Wanda ya tashi a ƙauyukan Ɗambatta ko Bichi ko Minjibir zai iya cewa wannan fanni bai shafe shi ba, tun da a yankinsu gona ce ke bin gona, babu wani dajin kirki da ya rage. Amma kuwa a kan tsamiyar ƙofar gida akwai sheƙar shamuwa, a bayan shanun huɗa akwai balbela, a gindin shinge kuma akwai bushiya. Waɗannan duka namun daji ne, domin babu wanda ya turke su, babu kuma mai zuba musu harawa. Su suka zaɓi zama kusa da mutum.

Wannan darasi zai yi bayanin abubuwa uku: yadda haske ke zama hoto baƙi da fari, da dalilin da ya sa hoton fuskar dabba ke taɓa zuciyar mai kallo, da kuma yadda makarantar sakandare za ta iya adana tarihin dabbobin garinsu da kyamarar wayar hannu. Akwai dalilin yin haka da gaggawa. Wasu daga cikin waɗannan maƙwabta suna ɓacewa, kuma sau da yawa sai bayan sun tafi ake lura cewa babu ko hoto ɗaya da za a nuna wa na baya.

Ƙasar da babu saura

Masana labarin ƙasa sun daɗe suna nazarin karkarar da ta kewaye birnin Kano, wadda ta haɗa da ƙasashen Ungogo da Dawakin Tofa da Minjibir da Gezawa da maƙwabtansu. Shahararre a cikinsu shi ne Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, daga baya kuma a Jami'ar Bayero ta Kano. A shekarar 1965 shi da abokin aikinsa J. Wilson suka buga rahoto a kan ƙasa da mutanen wannan yanki mai cunkoson jama'a. A ƙauyuka da yawa na yankin ana samun fiye da mutum 200 a kowane murabba'in kilomita, ana kuma noma fiye da kashi 80 cikin 100 na ƙasar kowace shekara, ba tare da an bar ta saura ba.

Abin da ya riƙe wannan noma shi ne dabba. Da damina ana turke awaki da tumaki a gida, a yanko musu ciyawa. Da kaka a tara musu harawar wake da ta gyaɗa. Da bazara kuma a kwashe takinsu a mangala a kai gona. Wato mutumin wannan yanki ya san dabba sani na kusa, yana iya bambance tunkiyarsa a cikin garke tun daga nesa.

Hoto baƙi da fari ya riga ya yi wa wannan ƙasa babban aiki. An ɗauki hotunanta daga jirgin sama a shekaru daban-daban, kuma a cikinsu kowace bishiya takan fito kamar baƙin ɗigo a kan farar gona. Masu bincike suka ƙirga ɗigogin, suka kwatanta na wata shekara da na wata. Littafin da wasu masana, akasarinsu daga Jami'ar Bayero, suka fitar a 1990 a kan itacen girki a Kano ya nuna cewa itatuwan gonaki ba su ƙare ba kamar yadda ake zato, domin manoma suna tattalinsu. Binciken da aka buga a 2018 da 2019 ya ƙara nuna cewa yawan itatuwan ya ƙaru, sai dai darbejiya ce ke yawaita, wasu itatuwan gargajiya kuwa suna raguwa. Duk wannan ilmi ya samu ne saboda akwai tsohon hoto da za a kwatanta da sabo. Tsuntsu da bushiya ba sa fitowa a hoton jirgin sama. Su sai an sami mai ɗaukarsu daga ƙasa.

Maƙwabtan manomi

Manyan namun daji sun daɗe da barin wannan yanki. Mai son ganin daji sosai a Jihar Kano sai ya nufi Falgore, can kudu. Amma akwai dabbobin da cunkoson jama'a bai kore su ba.

Ta farko ita ce shamuwa, wadda sunanta na kimiyya Ciconia abdimii. Ita ce mafi ƙanƙanta a danginta, tsayinta kamar santimita 73, nauyinta kuma kilo ɗaya da ɗoriya. Takan iso ƙasar Hausa a ƙarshen bazara, shi ya sa manoma ke ɗaukar zuwanta a matsayin albishirin damina, ba sa kuma cutar da ita. Tana yin sheƙa a manyan itatuwa a tsakiyar gari, ta yi ƙwai biyu ko uku, ta ciyar da 'ya'yanta da fara da sauran ƙwari. Wani bincike da aka yi a kudu maso gabashin Nijar, aka buga a 2008, ya nuna yadda take cin irin farar nan da ke ɓarnar gero. Idan damina ta wuce sai ta tsallaka zuwa gabashi da kudancin Afirka, inda tasu daminar ke somawa.

Akwai balbela, mai bin shanu don ta kama ƙwarin da kofatonsu ke tasowa. Akwai hankaka, wanda aka yi wa kirari da mai da ɗan wani naka. Masanan tsuntsaye sun tabbatar cewa akwai wani tsuntsu da ke saka ƙwansa a sheƙar hankaka, hankakan ya ƙyanƙyashe shi ya rene shi, an kuma yi nazarin haka a Sakkwato a shekarun 1970. Akwai kurciya da hasbiya da mujiya, akwai kurege da gafiya da damo. Sannan akwai ungulu, wadda za a dawo kanta nan gaba.

Abin lura shi ne yawancin waɗannan tsuntsaye baƙi da fari ne tun asali. Shamuwa baƙa ce mai farin ciki, hankaka baƙi mai farin ƙirji, balbela fara, zabo kuma mai ɗigo-ɗigo. Saboda haka sun dace ƙwarai da wanda zai koyi wannan irin hoto.

Yadda haske ke zama hoto

Tushen kyamara shi ne ɗaki mai duhu wanda aka huda wa ƙaramar kafa. Hasken da ya shigo ta kafar yakan zana siffar abin da ke waje a bangon da ke fuskantarta, amma a juye. Ibn al-Haisam, wanda aka haifa a Basra wajen shekarar 965 ya rasu a Alƙahira wajen 1040, ya yi bayanin wannan a nazarinsa na haske. Abin da ya rage shi ne yadda za a kama siffar kada ta gushe. Wani Bafaranshe, Nicéphore Niépce, ya yi nasarar haka wajen 1826, sai dai hoton ya ci sa'o'i masu yawa kafin ya kamu. A 1839 aka bayyana hanyar Louis Daguerre, wadda ta rage lokacin zuwa mintoci.

Fim ɗin hoto baƙi da fari leda ce da aka shafa wa wani irin danƙo da ake samu daga ƙashi da fatar dabbobi. A cikin danƙon akwai ƙananan ƙwayoyi na gishirin azurfa. Duk ƙwayar da haske ya taɓa takan sauya, idan aka tsoma fim ɗin a ruwan wanki sai ta zama baƙar azurfa, sannan a wanke waɗanda haske bai taɓa ba. Shi ya sa a dodon hoto farar balbela ke fitowa baƙa, baƙin hankaka kuma ya fito fari. Sai an haska dodon a kan takarda ta musamman sannan komai ya koma daidai.

Kyamarar wayar hannu ba ta da fim. Tana da ɗan faranti mai miliyoyin ƙananan gurabe, kowane gurbi yana auna yawan hasken da ya faɗa masa. Gurbin bai san launi ba. Don a sami launi sai aka ɗora masa matata: rabin guraben kore, rubu'i ja, rubu'i shuɗi, bisa tsarin da Bryce Bayer na kamfanin Kodak ya yi wa rajista a 1976. Idan za a mai da hoton baƙi da fari, sai a haɗa launukan uku su ba da lamba ɗaya tsakanin 0, wato baƙi ƙirin, da 255, wato fari fat. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce a ɗauki kimanin kashi 30 cikin 100 na ja, kashi 59 na kore, da kashi 11 na shuɗi, domin idon mutum ya fi jin hasken kore.

Ga misali. A ce jikin jar akuya yana da ja 200, kore 60, shuɗi 40. Lissafin zai zama 60 a tara da 35.4 a tara da 4.4, wato kimanin 100. A ce kuma ganyen da ke bayanta yana da ja 60, kore 130, shuɗi 50. Lissafin zai ba da 18 a tara da 76.7 a tara da 5.5, shi ma kimanin 100. Ma'ana, akuyar da ido ke gani ɓaro-ɓaro a gaban ganye za ta saje da shi a hoto baƙi da fari. Don haka mai ɗaukar irin wannan hoto dole ya koyi kallon haske da inuwa, ya nemi inda dabba ta fi bayanta haske ko ta fi shi duhu.

Taƙaitaccen tarihin hoton namun daji

Dabba ba ta tsayawa mintoci don a ɗauke ta, saboda haka hoton namun daji ya jira sai da aka sami kyamara mai sauri. A 1884 wani Bajamushe, Ottomar Anschütz, ya ɗauki hotunan farar shamuwar Turai tana tashi tana sauka a sheƙarta, da kyamarar da ke buɗewa ta rufe cikin kashi ɗaya bisa dubu na daƙiƙa. Hotunan sun nuna yadda fiffike ke lanƙwasa a iska, suka kuma taimaka wa Otto Lilienthal, wanda ya soma gwajin tashi da fukafukan da ya ƙera a 1891.

A Ingila, wasu 'yan'uwa biyu, Richard da Cherry Kearton, sun fitar da littafi a kan sheƙunan tsuntsaye a 1895, wanda hotuna ne zalla suka ƙawata shi. Don su kusanci tsuntsu, har fatar sa suka sa aka ɗinka musu, mai hoto ya shiga ciki ya ɓuya. Wannan dabara ba baƙuwa ba ce ga Bahaushe, domin maharba sun daɗe suna ɗaura kan burtu a goshi, su sunkuya suna tafiya irin tasa har su kusanci nama. A Amurka kuma George Shiras ya ƙware a hoton dare, mujallar National Geographic ta buga hotunansa 74 a watan Yuli na 1906.

Duk waɗannan baƙi da fari suka yi don shi ne abin da ke hannu. Amma bayan hoto mai kala ya wadata, wasu sun koma wa baƙi da fari da gangan. Nick Brandt, ɗan Ingila, ya soma ɗaukar giwaye da zakunan gabashin Afirka a 2001. Bai yi amfani da gilashin da ke jawo nesa kusa ba. Yakan yi haƙuri har dabba ta saba da shi, sannan ya ɗauke ta kamar yadda ake ɗaukar dattijo a ɗakin hoto. Ganin yadda ake kashe giwayen da ya sani, sai ya shiga cikin waɗanda suka kafa gidauniyar Big Life a 2010 don kare namun dajin yankin Amboseli na Kenya.

Me ya sa fuska ke taɓa zuciya?

Masana halayyar ɗan Adam sun gano cewa jariri sabon haihuwa ya fi bin zanen da ya yi kama da fuska da ido a kan sauran zane-zane. Neman fuska da ido ɗabi'a ce da aka haifi mutum da ita. Hoton garken tsuntsaye daga nesa yana nuna jinsi ne kawai. Hoton da aka matso, ido ya fito sosai, yana nuna tsuntsu guda mai nasa kamanni. Idan kuma aka cire launi, babu jan ƙasa ko koren ganye da zai ɗauke hankali, sai ido ya tsaya a kan siffa: tsarin gashi, tabon rauni, da ɗigon hasken da ke cikin ƙwayar ido.

Wannan yana da amfani a kimiyya. A 1970 masana biyu, Pennycuick da Rudnai, sun nuna cewa ana iya gane kowane zaki ta tsarin ɗigogin da gashin bakinsa ke tsirowa, kuma har yau ana amfani da wannan hanya. Haka ake gane raƙumin dawa da jakin dawa ta zanen jikinsu. Gane dabba ɗaya-ɗaya shi ke ba da damar sanin shekarunta da yawan haihuwarta da inda take yawo.

Su ma dabbobi suna kallon fuska. A 2001 Keith Kendrick da abokan aikinsa a cibiyar Babraham da ke kusa da Kambirij suka ba da rahoton cewa tunkiya tana iya riƙe fuskokin tumaki 50 da ta gani a hoto har tsawon shekara biyu. A 2018 kuma masana daga Jami'ar Queen Mary ta Landan suka gwada awaki 20. Suka kafa musu hotuna baƙi da fari na mutanen da ba su taɓa gani ba, ɗaya yana murmushi ɗaya ya murtuke. Awakin sun fi nufar mai murmushi da farko. Matar da ke cewa akuyarta ta san ta, ashe tana da hujja.

Idon akuya kansa darasi ne. Tagar idonta, wato baƙin ramin da haske ke shiga, a kwance take, ta kyanwa kuwa a tsaye. Binciken da Martin Banks na Jami'ar Kalifoniya ya jagoranta a 2015, a kan jinsin dabbobi 214, ya nuna cewa taga a kwance ta fi yawa ga dabbobin da ake farauta, domin tana ba su damar hango faɗin fili. Idan akuya ta sunkuya kiwo, idon yakan juya don tagar ta ci gaba da zama daidai da ƙasa. Ɗalibi zai iya tabbatar da wannan da hoto biyu a turken gidansu.

Sai dai baƙi da fari yana da hasararsa. A lokacin sheƙa fatar fuskar shamuwa shuɗiya ce, da ja a kusa da ido, kan jan gwada kuma launinsa ne ke nuna cewa namiji ne. Duk wannan bayani yakan salwanta. Saboda haka a ɗauki hoto da launinsa a adana, sannan a mai da kwafinsa baƙi da fari.

Darasin ungulu

Dattawa sun san lokacin da babu mahauta ko kasuwar ƙauye da za a je ba a ga ungulu ba. Ta shiga harshe sosai: ana cewa ungulu ba ta jewar banza, ana kuma cewa an yi wa wane ungulu da kan zabo. A yau akwai ɗalibai da yawa da suka san waɗannan maganganu amma ba su taɓa ganin tsuntsuwar ba.

Ungulun gari, mai sunan kimiyya Necrosyrtes monachus, ƙwai ɗaya tak take yi a sheƙa, don haka idan aka kashe manya, maye gurbinsu yana ɗaukar shekaru. Binciken da Darcy Ogada da abokan aikinta suka buga a 2016 ya ƙiyasta cewa yawanta a Afirka ya ragu da kimanin kashi 83 cikin 100 a tsawon zuriya uku, wato wajen shekara 50. A 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa ta a jerin waɗanda ke dab da ƙarewa. Manyan dalilan su ne guba, da kama ta don sayar da sassan jikinta ga masu maganin gargajiya, da sare dogayen itatuwan da take sheƙa a kai.

Rashin ungulu yana da tsada. Ruwan cikinta yana da tsami ƙwarai, yana kashe yawancin ƙwayoyin cutar da ke cikin mushe. A Indiya wani maganin ciwon shanu, diclofenac, ya hallaka fiye da kashi 95 cikin 100 na wasu jinsunan ungulu kafin a hana ba dabbobi shi a 2006. Mushe ya taru, karnuka suka yawaita, ruwa ya gurɓata. Masana tattalin arziki biyu, Eyal Frank da Anant Sudarshan, sun ƙiyasta a 2024 cewa hakan ya jawo ƙarin mutuwar mutane kimanin 500,000 tsakanin 2000 da 2005.

A 1981 Sharland da Wilkinson sun buga jerin tsuntsayen Jihar Kano a mujallar Malimbus, kuma irin wannan rubutu yana taimaka wa mai son sanin abin da ya sauya. Amma kowane gari yana buƙatar tasa shaidar. Ungulu ta ragu ne a hankali, shekara bayan shekara, a gaban idon kowa, saboda an raina ta ba a ƙirga ta ba. Shamuwa tana nan da yawa a yau, ba ta cikin jerin masu haɗari. Yanzu ne lokacin da ya dace a soma ƙirga sheƙunanta.

Yadda ɗalibi zai ɗauki hoto

1. A zaɓi lokaci. Hasken hantsi da na la'asar sakaliya yana zuwa daga gefe, yana fito da tsarin gashi. Rana tsaka tana jefa inuwa a kan ido. Hazon hunturu yana tausasa haske, yana kuma dusar da abin da ke nesa, sai dabba ta fito ita kaɗai.

2. A daidaita da idon dabba. Wanda ya ɗauki bushiya daga tsaye, ƙaya kawai zai samu. Sai an durƙusa ko an kwanta.

3. A sa ido ya fito tar. A wayar hannu ana taɓa idon dabbar a fuskar waya kafin a danna. Idan ido ya yi dishi-dishi, hoton ya lalace ko da sauran jiki ya fito.

4. A gyara ma'aunin haske. Kyamara tana ɗauka cewa duk abin da ke gabanta, idan aka gauraya shi, toka-toka ne matsakaici. Balbela a gaban ganye mai duhu takan yi fari fiye da kima har gashinta ya ɓace, sai a rage haske. Hankaka a sararin sama mai haske yakan zama baƙin dunƙule, sai a ƙara.

5. A lura da sauri. A kyamarar da ake iya saitawa, tsuntsun da ke zaune yana buƙatar kamar kashi ɗaya bisa 250 na daƙiƙa, mai tashi kuwa ɗaya bisa 1,000 ko abin da ya fi haka sauri.

6. A duba bayan dabba, kamar yadda lissafin jar akuya ya nuna. Taku biyu zuwa dama ko hagu kan wadatar.

7. A yi haƙuri. Jawo hoto da yatsa a waya yana rage kyansa. Ya fi kyau a zauna shiru a wuri ɗaya kullum, a lokaci ɗaya, da tufafi marasa ƙyalli, har tsuntsaye su saba. Ana iya soma koyo da awaki da zabin gida.

Ladubban aiki

Lafiyar dabba tana gaba da hoto. Kada a hau bishiya don leƙa sheƙa, domin uwa na iya tashi ta bar ƙwai ga rana ko ga hankaka. Idan tsuntsu ya daina abin da yake yi ya zuba wa mai hoto ido, an matso da yawa, sai a ja baya. Kada a kama bushiya ko damo a ɗaure don a ɗauka, kada kuma a haska wa mujiya fitila a ido. Idan sheƙa tana cikin gidan mutane, a nemi izinin maigida, a kuma kiyaye shuka idan an shiga gona. Wanda ya yi sa'ar ganin sheƙar ungulu kada ya bayyana wurin a Facebook ko WhatsApp, domin masu farautarta su ma suna karantawa. Ya sanar da malaminsa kawai.

Aiki ga makaranta

Malamin kimiyyar halittu ko na aikin gona zai iya raba aji ƙungiya-ƙungiya, kowace ta ɗauki unguwa ɗaya. Daga watan Afrilu a soma lura, a rubuta ranar da aka fara ganin shamuwa da ranar da ruwan shuka ya sauka. A ɗauki hoton kowace bishiya mai sheƙa daga wuri ɗaya kowace shekara. Kowane hoto a rubuta masa kwanan wata da lokaci da sunan unguwa da irin bishiyar da adadin sheƙuna, domin hoton da ba shi da wannan bayani ado ne kawai, ba ya zama hujja. A wanke wasu a takarda a adana a ɗakin karatu, saboda waya tana ɓata, tana kuma lalacewa.

Haka kuma ɗalibai su zauna da dattawan gari, su tambaye su dabbobin da suka sani da ƙuruciya, kamar gauraka da dila da gada da zomo, da lokacin da suka daina ganinsu. Bayanan tsuntsaye kuma ana iya aika su ga shirin taswirar tsuntsayen Nijeriya, wanda cibiyar nazarin tsuntsaye ta A. P. Leventis da ke Jos ta soma a 2015, yana kuma karɓar rahoto daga masu sa kai.

Kammalawa

An ga cewa hoto baƙi da fari awon haske ne, ko da gishirin azurfa ko da farantin waya, kuma cire launi yana mai da hankalin mai kallo ga siffa da ido. An ga cewa mutum da dabba duka suna karanta fuska. An kuma ga cewa tsofaffin hotunan jirgin sama sun ba masana damar sanin gaskiyar abin da ya sami itatuwan karkarar Kano, ungulu kuwa ta ragu ba tare da irin wannan shaida a garuruwa da yawa ba. Hausawa sun ce gani ya kori ji. Makarantar da ta soma wannan aiki a daminar bana, bayan shekara goma za ta iya faɗin ko sheƙunan shamuwar garinsu sun ƙaru ko sun ragu, ta kuma nuna hotunan.

Tambayoyi

1. Me ya sa farar balbela ke fitowa baƙa a dodon hoto?
2. Wani launi yana da ja 100, kore 150, shuɗi 200. Wace lamba zai ba da idan aka mai da shi baƙi da fari?
3. Kawo dalilai uku na raguwar ungulu, da illa biyu da rashinta ke jawo wa jama'a.
4. Wane amfani taga a kwance ke yi wa idon akuya?
5. Waɗanne bayanai ne ya wajaba a rubuta tare da kowane hoto kafin ya zama hujjar kimiyya?